Finjalin da Na Cika wa Baƙin Mohigul

Mai girma shugaban wannan taro kuma shugaban tsangayarmu, Farfesa Ulmas Hamroyev. Masu girma shugabannin sassa. 'Yan'uwana malamai, waɗanda na koyar da waɗanda suka zo suka tarar da ni kamar yadda suka tarar da tsohon agogon bangon ofis, ba su san wanda ya rataye shi ba, ba su kuma sami zuciyar sauke shi ba. Iyayen yara da suka taso daga unguwannin Namangan da ƙauyukanta. Ɗalibaina na da da na yanzu. Da ku na can baya kusa da ƙofa, waɗanda na san ƙamshin shinkafar da ake dafawa a tsakar tsangaya ne ya tsayar da ku: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya kawo ni shekara saba'in da tara, ya kuma hawo da ni matakala huɗun wannan dandamali ba tare da an ɗauko ni ba. Ina godiya ga tsangaya da ta zaɓi ranar malamai don ta sallame ni bayan shekara hamsin da biyu. Ina godiya da wannan alkyabba da aka ninke a kan tebur ana jira in gama a yafa mini. Ina kuma godiya ga wanda ya zuba mini shayin nan da ke gabana. Na ga ya cika finjalin fal har baki. Kowa a ɗakin nan ya san abin da cikakken finjali ke faɗa wa baƙo: sha ka kama gabanka. Na ji saƙon. Amma ku yi haƙuri da tsoho, maganata uku ce, kuma ta ukun ce ta fito da ni daga gida.

Magana ta farko, yadda na koyi wannan aiki.

An karanta muku ɗazu cewa ina cikin waɗanda suka fara ilimin kwamfuta a wannan yanki. Gaskiya ne, sai dai ba a faɗa muku cewa na yi shekara biyu a Tashkent ina koyon kwamfuta ban taɓa ganin kwamfutar ba. Tana cikin wani ɗaki mai sanyi, mu kuma muna waje. Mukan rubuta umarninmu a takarda da fensir, a huda mana shi a jikin kati, mu ɗaure katunan da roba, mu miƙa ta wata 'yar taga ga wata mata mai farar riga wadda ba ta taɓa yi mana murmushi ba. Bayan kwana uku ka dawo ta miƙo maka amsa. Sau da yawa amsar layi ɗaya ce: ka manta waƙafi. Kwana uku saboda waƙafi! Daga nan na ɗauki wata aƙida da na yi rabin ƙarni ina azabtar da 'ya'yan mutane da ita, cewa manhaja abar karantawa ce, kuma wanda ya iya karatu ba ya bukatar ya kunna na'ura kafin ya san abin da za ta yi.

Da wannan aƙida na zo nan, da ita na tsufa. Duk ɗalibin da ya wuce ta hannuna ya san doka: ka buga aikinka a takarda, ka kawo, in bi shi layi-layi da jan biro. Mai shagon buga takardu na bakin ƙofa, in ya hango ni, fitowa yake ya gaishe ni hannu a ƙirji, yana yi mini addu'ar tsawon rai da gaske. Shi kansa shugaban taronmu, lokacin yana da gashi, na taɓa mayar masa da shafi sittin saboda bai jera layukansa daidai ba. Ulmas, kana dariya yanzu. A ranar ba dariya ka yi ba.

Magana ta biyu, yadda na zama malamin wasa.

Shekara sha ɗaya da suka wuce aka ce lallai sashenmu ya fara koyar da haɗa wasannin kwamfuta. Samarin malaman da suka iya abin duk sun tafi, wannan Seoul, wancan Dubai. Aka duba hagu aka duba dama, ba kowa sai ni, don ni ba wanda ya gayyace ni ko'ina. Na karɓa. Na koyar da lissafin yadda ƙwallo ke faɗuwa, da yadda inuwa ke kwanciya a bango, da yadda dodo ke gano hanya mafi kusa zuwa ga wanda yake bi. Na koyar da shi da kyau, ba zan yi wa kaina rowar wannan ba. Amma yau, a gaban iyayenku, zan faɗi abin da ɗalibaina suka daɗe suna raɗawa a bayan idona: shekara sha ɗaya ina koyar da wasa, ban taɓa buga ko ɗaya ba. Ko ɗaya. Hannuna na rawa, idona ba ya bin abin da ke gudu, kuma ina jin kunyar yara su ga dodo ya cinye ni, Domla Nurmat, wato Malam Nurmat, a daƙiƙa biyar. Sai na ɓuya a bayan takarda. Yaro ya yi wata shida yana gina duniya guda da duwatsunta da kogunanta, ya zo yana zumuɗi ya ce, "Domla, ku taɓa ku gani," ni kuma in ce, "Buga mini a takarda." Na ba da maki ga tseren mota ban ga mota ba. Na kayar da yaƙin sararin samaniya saboda rashin waƙafi.

Duk da haka akwai waɗanda suka jure ni. Kowace Alhamis da rana ɗalibai masu bincike, huɗu ko biyar, sukan taru a ofishina, su zo da samsa, sambusar nan ta nama, mai zafi a takarda, mu dafa koren shayi, mu yi gardama a kan aikinsu har la'asar. Tun da matata Sabohat ta rasu shekara tara ke nan, ɗanmu kuma yana can wata ƙasa yana kira ranar salla, wannan Alhamis ita ce ranar da nake jin muryar mutane a kusa da ni. Ban taɓa faɗa musu ba. Nakan ma yi musu faɗa cewa suna zubar mini da ɓurɓushi a kan takardu.

Yanzu magana ta uku. Ina roƙon mai girma shugaba ya ajiye wayarsa, don wannan ta shafe shi.

A cikin 'yan Alhamis akwai Mohigul Rajabova, ɗalibar digiri na biyu, wadda a shekara hamsin da biyu ban koyar da uku kamarta ba. Bincikenta a kan tambaya ɗaya ne: yaya za a sa mutanen cikin wasa su fahimci mai wasa ba tare da ya ce musu uffan ba? Don ta gwada amsarta sai ta gina wasa wanda ba bindiga, ba dodo, ba tsere. Kai ne mai gida, baƙi bakwai sun zo, aikinka ka riƙe su a kan shimfiɗa har a sauke shinkafa. Wa ka zaunar nesa da ƙofa, wa ka fara miƙa wa gurasa, da wane hannu ka miƙa, duk baƙin suna lura, kowa da halinsa, kowa da abin da zai ɓata masa rai. Shekara biyu ta yi a kai. Ta bi gidajen biki da na makoki da littafi a hannu tana tambayar tsofaffi. Aikin ya kai shafi ɗari uku da goma a takarda, na karanta shi sau biyu, ban kuma kunna shi ko sau ɗaya ba.

Ranar sha takwas ga Yuni za ta kare kundinta a gaban kwamiti da ƙarfe goma. Na iso da ƙarfe takwas, ina sake duba takardun don kada wani ya kama mu da abin kunya. A shafi na casa'in da ɗaya na ga wani abu. An rubuta cewa finjali yana cin ɗari. Layi uku a ƙasa an rubuta cewa in mai gida ya zuba shayi, ya zuba arba'in. Na ce a raina, ai ga shi! Ɗari a sama, arba'in a ƙasa, yarinya ta gaji ta bar lambar gwaji ba ta gyara ba. Na duba agogo, ba ta iso ba. Kwamfutar da za a yi nuni da ita tana nan a kunne a ɗakin kwamiti. Sai wani tausayi ya kama ni, irin tausayin da Allah ya tsare ku da shi. Ni da ban taɓa sa hannu a aikin ɗalibi a kan na'ura ba, na zauna, na nemo layin da yatsa ɗaya, na goge arba'in na sa ɗari. Kuma saboda tarbiyyar da aka yi mana, cewa ba a taɓa aiki a ɓoye suna, na rubuta a gefe da manyan baƙaƙe: AN GYARA, N.E. Na tashi ina jin kaina kamar uban da ya saka wa 'yarsa alawa a aljihu ba ta sani ba.

Na ji wasu sun fara dafe kai. Kun riga ni ganewa da wata uku.

Aka taru. Majigin ɗakin kwamiti kun san shi, komai fari-fari yake nunawa, ba mai iya ganin abin da ke cikin finjali daga inda muke zaune. Mohigul ta yi bayani mai kyau, sannan ta kunna wasan. Baƙi suka shigo, ta zaunar da dattijonsu a mazaunin girma, ta gutsura gurasa, ta ɗauki buta ta zuba masa shayi. Dattijon nan na cikin allo ya kalli finjali, ya kalli mai gida, ya shafa gemu, ya shafa fatiha, ya miƙe. Sauran shida suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu. Cikin minti ɗaya ɗaki ya zama wayam, sai buta tana hayaƙi. Ta sake kunnawa, suka sake tafiya. Ta sake, na uku, har da wata tsohuwa a cikinsu da ta waiwayo a bakin ƙofa ta girgiza kai.

Shugaban kwamiti, wannan da ke zaune a nan, ya ce, "Rajabova, baƙin naki azumi suke yi ne?" Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Ta ce a ba ta minti biyu. Ta buɗe rubutun manhajar a gabanta tana bi da sauri, sai na ga ta tsaya cak. Ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa na ɗauka taimako take nema, sai na gyaɗa mata kai a hankali, irin na malamin da ke cewa yi ta kanki, 'yata, haka ake girma. Ta rufe kwamfutar. Ta ce, "Kuskurena ne. Ku gafarce ni."

Kwamiti ya rubuta cewa aikin ba ya tafiya, ta dawo baɗi. Na sa hannu. Ban tsaya nan ba, jama'a. Na same ta a baranda na yi mata wa'azi na minti goma a kan sakaci, har da labarin waƙafi da 'yar tagar Tashkent. Ta saurara har na gama, ta ce, "Na gode, Domla," ta sauka.

Ku duba abin da yarinyar nan ta yi. Sunana yana gabanta da manyan baƙaƙe. Juya allon kawai za ta yi, ta tsira. Amma an tarbiyyantar da ita cewa ba a kunyata malami a gaban mutane, sai ta ɗauki shekara biyunta ta shimfiɗa a ƙasa don tsoho ya taka ya wuce bai ji komai ba. Na kuwa taka, ban kuma ji ba.

Alhamis ta zo, ba wanda ya zo. Wata ta zo, haka. Na ce hutu ne. Aka dawo hutu, na sayi samsa da kaina na jira, ta huce a takarda. Ashe sauran duk sun sani, ba mai iya kallon idona. Na ji labarin Mohigul tana shagon kawunta a kasuwa tana canja wa mutane gilashin waya.

Wanda ya warware mini wannan bincike ba farfesa ba ne. Maƙwabcina ne, Toshpulat, tsohon direban jirgin ƙasa, ga shi can a layi na uku ya sa hular biki. Mako biyu da suka wuce ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da hantsi, wai kwana uku bai ji tarina ta bango ba, ya zo ya ga ko na mutu. Na ji daɗi ƙwarai, don rabon da baƙo ya zauna a ɗakina har na manta. Na kakkaɓe finjalan Sabohat, na dafa shayi, na zuba masa kamar yadda na saba zuba wa kaina a ƙaton kofin nan da aka ba mu a wani taro, wato har baki. Ya kalli finjali, ya kalle ni.

Ya ce, "Domla, in korata kake, faɗa mini da baki mana. Ƙafafuna ciwo suke, kada in tashi a banza."

Na ce, "Wace irin kora kuma, Toshpulat?"

Ya ce, "Kai da aka ce ka karanta littafi ɗaki guda! Wannan ai shayin tasha ne. Marigayiya da tana nan da ta buge maka hannu da cokali. Ɗan kaɗan ake zubawa, in shanye in miƙo, ka ƙara, in sake miƙowa, muna hira. Ka cika mini, me ya rage tsakanina da kai?"

Na ce, "Kamar nawa ake zubawa?"

Ya ce, "Au, lissafi za mu yi? Ƙasa da rabi dai."

Na ce, "Arba'in cikin ɗari?"

Ya ce, "Ka sa arba'in ɗin in shi zai kwantar maka da hankali. Lafiya kake kuwa? Ka yi fari."

Jama'a, ni ɗan garin nan ne. Uwata ta zuba mini rabin finjali, matata ta zuba mini shekara arba'in da ɗaya, Mohigul kanta ta zuba mini kowace Alhamis, ina miƙawa tana ƙarawa. Hannuna ya san abin, bakina ya san shi. Amma da na gan shi an rubuta da lamba ban gane shi ba, don a takarda arba'in ƙasa take da ɗari, ni kuma shekara tara ba ni da wanda zan zuba wa. Baƙin yarinyar nan ba lalacewa suka yi ba. An cika wa dattijonsu finjali a gaban mutane, suka yi abin da kowane mai mutunci zai yi. Aikinta bai taɓa tafiya daidai kamar ranar da muka kayar da ita ba.

Washegari na je ɗakin kwamiti na kulle ƙofa, na nemo layin, na ga sunana yana jirana. Na mayar da arba'in. Sannan, a shekara saba'in da tara, na buga wasan kwamfuta na farko a rayuwata. Sau sha ɗaya baƙin suna tashi su bar ni: na miƙa gurasa da hagu, na zaunar da suruki a bakin ƙofa, na bar tsohuwar nan tana magana na juya mata baya. A karo na sha biyu suka zauna har aka sauke shinkafa, dattijon ya ɗaga hannu ya yi wa gidana addu'a. Ba zan ɓoye muku ba, na amsa da amin da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki, na cire tabarau na goge.

Mai girma shugaba, ga shafi na casa'in da ɗaya kamar yadda ta rubuta shi, ga kuma hoton layin da na ɓata da sunana a gefe. Na ajiye su a gabanka. Na san sai ka ce me ya hana in same ka a ofis mu gama a asirce. A gaban mutane aka yi mata dariya, a gaban mutane ta rufa mini asiri, ban ga dalilin da zai sa a wanke ta a bayan ƙofa ba. Dokarmu ta ce wanda ya faɗi ya jira shekara, amma ta kuma ce in matsalar daga ɓangaren tsangaya take, kwamiti na iya sake zama. To ga ɓangaren tsangaya tsaye a gabanka da sanda. Ranar sha biyar ga watan nan ake rufe karɓar takardun masu neman digiri na uku. In ta wuce, yarinyar nan ta rasa shekara, kuma na san kasuwa, wanda ta riƙe shekara guda ba ta cika sakinsa ba.

Don haka ina roƙo, ina kuma roƙo a gaban iyaye da malamai da ɗalibai: a sa rana. Alkyabbar nan ta zauna a ninke. Ba zan sa hannu a cikinta ba sai na ji rana, kuma kun san ni da taurin kai, zan iya tsayuwa a nan har shinkafa ta huce, ko ƙafafuna su yanke hukunci.

Ulmas, ina jira. Shafi sittin na mayar maka, ka rama yau in kana so, amma ka rama a kaina.

Me ka ce? Ɗaga murya, kunnen hagu ya riga ni yin ritaya. Laraba? Laraba mai zuwa, ƙarfe goma. Kun ji, ku ne shaidu. A rubuta, a kuma buga mini a takarda.

Saura mutum ɗaya. Mohigul, 'yata, na san kina nan, Toshpulat ya ce ya je har shago ya rantse ba zai tashi ba sai kin yarda kin zo. Ga ki can jikin ginshiƙi. Na ɓata miki aiki, na yi miki dariya, na sa hannu a kan faɗuwarki, sannan na bi ki da wa'azi. Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba tukuna, ba komai, ki dai zo ranar Laraba ki tsaya a kan aikinki. Za ki zo?

Na ga bakinta ya motsa, ban ji ba. Me ta ce, Ulmas? Me ya sa kowa ke dariya?

Wai za ta zo, da sharaɗin a riƙe makullin ɗakin kwamiti, kada a bar Domla shi kaɗai da kwamfuta.

Na karɓi sharaɗin. Ku ɗaure ni a kujera ma in kun ga dama. Ofis kuma daga yau ba nawa ba ne, amma gidana yana nan, hawa na biyu, Alhamis tana nan, finjalan Sabohat guda shida ne, kuma Toshpulat yana ba ni horo kullum da safe. Ya ce hannuna ya fara faɗawa.

Allah ya yi wa wannan taro albarka. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, da iyayenmu, da waɗanda suka zuba mana shayi ba mu lura ba. Allah ya ba malamanmu na yanzu haƙurin kunna abin da yara suka gina kafin su ɗauki jan biro. Allah ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, ya ba su ladabi, ya kuma ba su bakin da za su ce wa tsoho ya yi kuskure tun yana da sauran lokacin gyarawa. Allah kada ya bar ɗayanku a ɗakin da ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Allah ya kai mu Laraba lafiya, ya zaunar da baƙin Mohigul har a sauke shinkafa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wannan cikakken finjali kuwa zan shanye shi tas, don na cancance shi, sannan in sauka.

Na gode.